Nono Ba Randa Ba Ne

Akwai wata magana da mata ke yi a tsakaninsu, ba a yin ta gaban maza, ba a kuma cika sa ta cikin littafi ba. To, tun da ya ke yanzu da yawa daga cikinmu mun iya karatu, ni a ganina ya kamata a fito da irin waɗannan maganganu a rubuce, don wadda kunya ta hana ta tambaya ta karanta a ɗakinta ba wanda ya ji, mai gida kuma ya san abin da ke damun iyalinsa. Maganar kuwa ita ce ta ruwan nan mai kauri, rawaya-rawaya, wanda ke ɗigowa daga nonon waɗansu mata tun suna da ciki. Sunansa dakashi. Shi ne dai ruwan da ke fara zuwa bayan haihuwa kafin farin nono ya sauko, sai dai ga waɗansu mata ya kan leƙo tun jariri bai faɗo duniya ba.

Ni mazauniyar Kudenda ce, kudu da kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Wanda ya san wurin ya san unguwa ce ta masana'antu da gidajen haya. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri cikin 1957 mutane su ke ta kwararowa wannan ɓangare na gari neman aiki. Yawancin masaƙun nan sun rufe, amma mutanen ba su koma ba, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka cika Kakuri da Nasarawa da Kudenda. A gida guda sai ka tarar da Bahaushe da Bagwari da Bajju da Tibi da Bayarabe, ɗaki na jikin ɗaki, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya.

A irin wannan zama ne yarinya ke yin cikin fari nesa da uwarta. Da can, in ciki ya tsufa, sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a hannun waɗanda suka haife ta. Yanzu kuwa tsadar mota da nisan gida sun hana mutane da yawa. Maimakon uwa ɗaya sai ta sami masu ba da shawara goma, ko wace da al'adar garinsu, ko wace kuma tana rantsuwa tata ce gaskiya. Na daɗe ina sauraron waɗannan shawarwari a bakin rijiya da wajen shanya, na ga game da ɗigar dakashi sun rabu gida biyu.

Waɗansu su ce, wadda nononta ke ɗiga tun da ciki ta yi asara, abincin ɗanta ne ke zubewa, kafin ta haihu ya ƙare, ko kuwa abin da ya rage ya daɗe a ciki har ya lalace. Waɗansu kuma su ce a'a, ai wannan ita ce mai albarkar nono, wadda za a tausaya wa ita ce wadda har ta shiga watanta ba ta ga ko ɗigo ba, ita ce busasshiya. Ka ga ke nan ba mai tsira. Wadda ta gani ta shiga zullumi, wadda ba ta gani ba ta shiga zullumi. Ko da ya ke maganganun nan biyu sun saɓa wa juna, tushensu ɗaya ne: dukansu sun ɗauki nono tamkar randa, wadda a kan cika sau ɗaya, in ta yi yoyo ruwa ya ragu, in ba a ga danshi a gindinta ba a ce ba kome ciki.

Ni dai 'ya'ya shida Allah ya ba ni. A cikin fari ban ga kome ba har ranar da na durƙusa. A na uku, tun daga wata na bakwai na kan tashi da asuba in tarar gaban rigata ya jiƙe ya bushe ya yi ƙamas. A na biyar kuma shiru, kamar na fari. Duk shidan na shayar da su har yaye, ban taɓa sayen madarar gwangwani ba. Na biyar ɗin ma, wanda ban ga ɗigo ko ɗaya ba a cikinsa, shi ne wanda nono ya yi mini yawa har yana sarƙe shi. Mace ɗaya ce, nono ɗaya ne, amma ko wane ciki da halinsa. Duk da haka abin da ya sami mace guda ba ya zama hujja a kan dukan mata, saboda haka na yi ta tambayar ma'aikatan da ke duba mu wajen awo, na kuma karanta abin da na iya samu. Ga yadda abin ya ke.

Cikin nono akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu yawan gaske, a cure kamar tsabar dawa a jikin zangarniya, ko wane curi da 'yar hanyarsa wadda ta nufo kan nono. Tun daga wajen mako na 16, watau cikin wata na huɗu, jakunkunan nan su ke soma haɗa dakashi, a jikin wadda ta gani da wadda ba ta gani ba. Abin da ya hana ruwan kwararowa da yawa tun a lokacin kuwa mabiyiya ce, wadda waɗansu ke kira uwar tafiya. Muddin tana manne cikin mahaifa, tana sakin wani sinadari cikin jini, likitoci na ce da shi furojestaron, aikinsa a nan irin na mai gadin ƙofa ne. Akwai kuma wani sinadarin, furolaktin, wanda ke fitowa daga wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ne mai ba da umurni a yi nono. Yana nan da yawa tun ana da ciki, amma mai gadi bai ba shi hanya ba. Ran da aka haihu mabiyiya ta faɗi, sai furojestaron ya janye, cikin kwana 2 zuwa 3, wani lokaci har 4, mace ta ji nononta ya cika ya yi nauyi. Shi ne mu ke cewa nono ya kawo. Wannan kawowa ba ta tambayar ko an yi ɗiga da ciki ko ba a yi ba. Faɗuwar mabiyiya ce ke kiranta.

Ɗigon da a ke gani da ciki ɗan abin da ya kuɓuce ne ta bakin hanya. Wata bakin hanyoyinta a tsuke su ke, wata da ɗan sassauci. Wata sai ta yi wanka da ruwan zafi ta ke gani, wata sai ta kwanta ta danne, wata kuwa sai rigar mama ta goge ta. Ku duba famfo biyu a layi ɗaya, ɗaya yana ɗiga ɗaya ba ya yi. Ba mai hankalin da zai ce mai ɗigar nan ya fi ɗan'uwansa ruwa, ko ya ce ruwansa na gab da ƙarewa, tun da ya ke daga bututu guda su ke sha. Kuma dakashi ba ya tsufa cikin nono balle ya ruɓe, gama jiki ba ajiye shi ya ke yi ya manta ba, kullum cikin sabunta shi ya ke.

An ma gwada abin da ya fi ɗiga. A birnin Malbon na ƙasar Ostareliya likitoci sun ɗauki mata 635 masu ciki, masu ciwon sukari, suka raba su biyu. Rabi aka ce su riƙa tatsar dakashi da hannu sau biyu a rana tun daga mako na 36, suna ajiyewa don jariri, rabi kuma aka bar su. An bayyana sakamakon cikin 2017. Waɗanda suka tatsa ba su haihu kafin 'yan'uwansu ba, dakashinsu kuma bai ƙare ba, jariransu sun sami abin sha bayan haihuwa. Da yawa daga cikinsu ma ɗan kaɗan suka iya samu duk da tatsar. To, in tatsa da gangan ba ta ƙarar da shi ba, ina ga 'yan ɗigon da suka ɓata riga? Amma fa kada wata ta karanta wannan ta kama matsar nononta don ta gwada kanta. Su waɗancan likita ne ya zaɓe su yana kuma lura da su. Yawan murzar kan nono ya kan motsa mahaifa, wadda kuwa ta taɓa haihuwar bakwaini, ko ta ke ganin jini da ciki, wannan ba abin wasanta ba ne. Wadda ɗigar ta dama, ta ninka tsumma mai tsabta ta sa cikin riga, ta riƙa sakewa in ya jiƙe, ta wanke wurin da ruwa zalla. Shi ke nan maganinsa.

Da a ce zullumin nan ya tsaya ga hana barci kaɗai, da ban ɓata takarda a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alkalami shi ne abin da na gani ya haifar, sau biyu, cikin shekara guda, a gidan da mu ke haya.

Ta farko yarinya ce mai cikin fari, mijinta lebura ne a ɗaya daga cikin masana'antun unguwarmu. Wata rana bayan isha'i ta yi sallama ƙofar ɗakina, ta durƙusa, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sa'an nan ta ce, "Mama, tambaya gare ni, amma ina jin nauyi." Na ce, "Faɗi, 'yar nan, ba kowa sai ni." Ashe uwar mijinta ce ta zo daga ƙauye zaman jiran haihuwa, ta tambaye ta ko tana ganin ruwa, ta ce a'a. Tsohuwa ta girgiza kai, ta ce su a zuri'arsu ba su san busasshen nono ba, ta sa ɗanta ya ci bashi ya sayo madarar gwangwani da bulumboti, an ajiye a kan kwabet tun ciki na wata takwas. Yarinyar ta ce tun ran nan ba ta iya duban gwangwanin nan, ji ta ke kamar shaida ce a kanta. Na gaya mata abin da na gaya muku, ta tafi, amma na san ba ita ce mai hukunci a ɗakin ba.

Da ta haihu na shiga barka da sassafe, na tarar tsohuwa ta ɗora ruwa za ta dama madara. Na gaishe ta, na zauna, na ce, "Iya, ku ne manya, ku kuka ga jiya kuka ga yau. Alfarma na ke roƙo, ku ba yarinyar nan kwana uku. A sa mata yaron a ƙirji duk sa'ad da ya motsa baki. In kwana uku sun cika nono bai kawo ba, ni da kaina zan raka ku asibiti a duba ta." Ta dube ni, ta ce, "Ke 'yar nan, yaro ya kwana uku da yunwa?" Na ce, "Iya, matsa ki gani." Aka matsa, sai ga ɗigo biyu, rawaya, masu kauri kamar man shanu narkakke. Tsohuwa ta ce wannan ai ko kyanwa ba ta ƙoshi da shi. Amma dai ta haƙura, ina tsammani don kada ta kunyata baƙuwa ne, ba don ta yarda ba. Daren kwana na uku nono ya kawo, har sai da aka sake wa mai jego zane. Ran suna tsohuwa na ta gaya wa 'yan barka wai kunun da ta dama ne ya yi aiki. Ban ce mata kome ba.

Ta biyun ita ce ta tsaya mini a rai. Ita tun wata shida ta ke ɗiga, har ta kan ji kunyar fita tsakar gida. Danginta suka yanke cewa nonon da ya soma fita tun da wuri haka ya daɗe a ciki, ya zama mugun nono. Da ta haihu sai aka yi masa gwajin nan da kuka sani: a tatsa cikin ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta fita nono lafiyayye ne, in ta mutu ba a ba yaro. To, dakashi abu ne mai kauri da danƙo, yaya tururuwa za ta yi ta fita? Ko cikin zuma ka jefa ta haka za ta maƙale, ba kuwa wanda ya taɓa kiran zuma dafi. Tururuwa dai ta mutu. Aka hana yaro nono kwana uku, ana tatse dakashi ana zubarwa a bayan ɗaki, ana ɗura masa ruwan ɗumi da sukari da cokali. A kwana na huɗu ya kama zawo, idanunsa suka yi rawaya, sai da aka kwana bakwai da shi a asibiti. Ita kuwa uwar nono ya cika ya ƙanƙare kamar dutse, ga zazzaɓi, yaron da ya saba da cokali kuma ya ƙi kama kan nono. Allah ya yi masa sauran kwana, ya tashi, amma nonon uwar bai ƙara komawa yadda ya kamata ba, suka koma ga gwangwani, albashin mijin na tafiya can. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da na ji danginta na faɗi daga baya: "Ai dama mun faɗa, nonon ya zube tun tana da ciki." Rijiya ta bayar, guga ya hana, sa'an nan aka koma ana zagin rijiya.

Dalilin da ya sa nonon baiwar Allah nan ya ja baya a fili ya ke. Faɗuwar mabiyiya ita ke buɗe ƙofa, amma daga nan mulki ya koma hannun jariri. Duk sa'ad da ya tsotsa, saƙo na tafiya ƙwaƙwalwar uwa a ƙaro furolaktin, a kuma sako wani sinadarin mai suna oksitosin wanda ke matse jakunkunan nan ruwa ya gangaro. In an kwashe, jiki ya sake haɗa wani. In an bar shi a cike, jiki ya ɗauka ba a bukata, ya rage aiki. Fulanin da ke kawo mana nono daga rugagen bayan gari sun riga mu sanin wannan. Ba sa tatsar saniya sai sun sako ɗan maraƙi ya fara tsotsa, don sun san sai ta ji bakinsa ta ke sakin nono. Ba kuma za ka ga makiyayi ya hana maraƙi dakashin uwarsa ba, ya san wanda bai sha ba da wuya ya yi ƙwari. Abin mamaki, abin da mu ke kiyaye wa ɗan saniya shi mu ke hana ɗan mutum.

Tsohuwar nan da ta ce ko kyanwa ba ta ƙoshi da ɗigo biyu, ba ta yi ƙarya ba, sai dai jariri ba kyanwa ba ne. Ran da aka haife shi cikinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a sha guda. An yi dakashi kaɗan ne daidai da wannan ɗan ciki, shi ya sa a ke so a ba shi a kai a kai, sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Kaɗan ne, amma cike ya ke da abubuwan garkuwa waɗanda jikin uwa ya haɗa don yaƙi da cututtukan da ke wurin da ta ke zaune, su kan shafe hanjin jariri su tsare shi. Yana da bitamin A mai yawa. Yana kuma tura baƙin kashin nan na farko ya fita da wuri, fitarsa kuwa na rage shawarar da kan sa jarirai rawaya. Ruwan da a ke ɗura wa jariri a madadinsa ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai abin da ya kwaso daga rijiya ko jarkar mai ruwa da cokalin da aka ba shi da shi. Ba ina maganar ɗan dabinon da a kan tauna a shafa wa jariri a dasashi ba ne, wannan shafawa ce, ba ta cika ciki. Ina maganar kofi-kofin ruwa da nonon akuya da jiƙe-jiƙe na kwana uku. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba yaro har sai ya shekara.

A ƙasar Gana an bi diddigin jarirai kusan 11,000 a ƙauyukan yankin Kintampo, aka bayyana abin da aka gano cikin 2006. Masu binciken sun lissafta cewa da ko wane jariri zai fara shan nono a ranar da aka haife shi, da an tsirar da 16 daga cikin ko wane 100 da ke mutuwa a watan farko. Da kuwa zai fara cikin awa ɗaya da haihuwa, da an tsirar da 22. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri a nono cikin awa ta farko, a ba shi nono zalla, ko ruwa ban da shi, har wata shida, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan ba baƙuwa ba ce gare mu, tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Amma ƙidayar lafiya da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ta nuna jarirai 42 ne cikin 100 aka sa a nono cikin awa ta farko, 29 kacal cikin 100 na 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Ni a tunanina ƙyamar dakashi ta samo asali ne daga tsoron kwanika. Mun taso muna jin cewa matar da ta yi ciki tana goyo nononta ya ɓaci, yaro ya sha ya lalace. Gaskiya ne in ciki ya yi nisa nonon mai goyo ya kan ragu ya juye ya koma dakashi, yaron da ba a ƙara masa abinci ba kuwa sai ya rame. Mutane suka ga rama, suka ga ruwan rawaya, suka ɗora wa ruwan laifi, alhali ƙarancin abinci ne ya ramar da yaron. Daga nan duk ruwan da nono ya fitar da ciki ya zama abin zargi.

Kada kuma a ce na ce ba macen da nono ke yi wa gardama. Akwai, sai dai dalilansu daban ne, ba su da dangantaka da ɗiga. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, abin ya kan taɓa 'yar ƙwayar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wani likitan Ingila mai suna Shihan ya bayyana wannan tun cikin 1937. Wadda guntun mabiyiya ya maƙale mata, mai gadi bai tashi daga ƙofa ba ke nan, nono ba zai kawo sosai ba sai an fitar da shi, galibi kuma za ta ga jini ya ƙi tsayawa. Wadda aka yi wa aiki aka ciro yaro, da mai ciwon sukari, da mai ƙiba ƙwarai, nasu ya kan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, amma yana zuwa in an dage da sa yaro. Akwai kuma 'yan kaɗan waɗanda nononsu bai sake ko kaɗan ba tun daga farkon ciki har ƙarshe, bai ƙara girma ba, bai yi nauyi ba. Wannan ce alamar da ta cancanci a faɗa wajen awo. Ƙanƙantar nono kuwa ba aibi ba ce, abin da ya bambanta babba da ƙarami yawancinsa kitse ne. Haka nan wadda ta ga jini na fita ta nono ɗaya, ko ruwa mai wari, ko ta ji ƙullutu wanda ba ya motsi, kada ta tsaya tambayar maƙwabta, ta nuna wa likita.

In ana so a san ko nono na isar yaro, ba jikin uwa a ke duba ba, tsummansa a ke dubawa. Ran farko ya kan jiƙa ɗaya, rana ta biyu biyu, haka ya ke ƙaruwa, daga kwana biyar zuwa shida ya riƙa jiƙa shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma fari ba ja ba. Kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma rawaya wajen kwana huɗu ko biyar. Ko wane jariri ya kan ɗan sauke nauyi a kwanakin farko, amma zuwa mako biyu ya kamata ya mai da abin da aka haife shi da shi. Yaron da ba ya fitsari, ko ya yi laushi ba ya tashi shan nono, ko rawaya ta sauko masa har ciki da ƙafafu, wannan ba a kwana da shi a gida.

Game da kunu, mai jego lalle tana bukatar ci da sha, ba na hana kowa dama mata kunun gyada ko na tsamiya, ko a gasa mata nama in da hali. Kanwa ce dai a yi hattara da ita. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi nazari cikin shekarun 1970 a kan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura numfashi ya yi wuya, suka danganta yawan abin a ƙasar Zazzau da kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. A garin neman nono kada a rasa mai nonon.

Abin da na ga ya fi cin nonon matan Kudenda a yau shi ne rabuwa da yaro. Cikin 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida, abu ne mai kyau, amma matan unguwarmu kaɗan ne ke aikin gwamnati. Mai aikin yini a masana'anta, da mai sayar da abinci a bakin titi, da mai wanki a gidajen masu hali, da an yi arba'in, wata ma kafin nan, sun koma nema. Wadda za ta iya goya ɗanta ta tafi da shi ta tsira. Wadda wurin aikinta bai yarda da goyo ba, sai ta bar shi tun safe har la'asar, nono ya wuni a cike, bayan mako biyu ko uku ta ga ya soma ja baya, sai wata ta tuna mata cewa ai dama da ciki an ga alama. Irin wannan abin da zai taimake ta shi ne ta shayar da shi sosai kafin ta fita, ta wanke hannu ta tatsa cikin kofi mai murfi wanda aka tafasa, a ajiye a wuri mai sanyi cikin ɗaki, a ba shi da ƙaramin kofi kafin awa huɗu ta wuce. A wurin aiki kuma ta nemi inda za ta keɓe ta tatse ko sau biyu ne, ko da ba ta da inda za ta ajiye, don jiki ya san har yanzu ana bukata. In ta dawo ta bar shi ya sha iyakar shansa, da dare ma kada ta hana shi, gama furolaktin ya fi yawa cikin dare.